Gayyar da Aka Sa wa Farashi

Urafan, 24 ga Yuni

Zuwa ga taubashina Lamine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mansura da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka mai kyau, an yi shuka, gero ya fito. Maigidana Usman yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko tumbin nan na zaman buro, wato ofis, yana barinka ka ga yatsun ƙafarka.

Na rubuto ban kira ba, don wayar gidan nan ta Usman ce, kuma duk maganar da ta shiga cikinta sai ta zaga majalisarsu kafin magariba. Harisu direba zai kai takardar Tasawa ya sa ta a motar Yamai.

Baba ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙugunsa ya karye. Kada hankalinka ya tashi, an yi ɗori, yana ci yana sha, har faɗa yana yi, ka ga kuwa da sauƙi. Amma bana ba shi ba hauya. Ɗan'uwana Rabilu kuma tun da ya tafi Aljeriya ko gaisuwa ba mu samu ba. Ni da Usman da yara muka shuka masa gonar gawo, sai dai noman ya fi ƙarfinmu, ga tamu gonar tana jira. Ka san abin da ke cikin gonar nan shi ne abincin Baba da Inna na shekara. In ƙarangiya ta riga mu, shi ke nan.

Don haka na kira gayya. Na bi gida gida da goro, babu wanda ya ce mini a'a. Malam Ibrahim ma dariya ya yi, ya ce ai ko ban kawo goro ba, wa zai ji gayyar Mai Nasara ya zauna? Ka tuna inda sunan nan na Baba ya samo asali: duk gayyar da aka yi a garin nan, kuyyarsa ke fara kai ƙarshen gona. Bube da ke sauke shanunsa a gonar da rani ya ce nonon fura nasa ne. An sa Talata ta biyu mai zuwa.

To, ga inda kuka shigo. Tunda ku 'yan ƙungiyar Mu Tuna Gida kuka naɗa ni wakiliyarku a nan, ba albashi sai yawo a rana, yau ni ma na zo da tawa buƙatar. Ku taimaka mini da buhun gero na fura da tuwo, da sukari, da goro, da ɗan abin da za a ba makaɗi. In akuya ta samu, madalla. In kuma mutum biyu ko uku daga cikinku za su iya zuwa a gan su a bakin gona, Baba zai ji daɗi. Ban ce ka riƙe hauya ba, ɗan mace, kada ka sare ƙafarka mu shiga uku.

Kun gyara rufin lakwal, makarantar garin nan, bara, kowa ya yaba. Wannan bai kai rabin wancan wahala ba.

Taubashiyarka,
Zuhura

*

Yamai, 1 ga Yuli

Zuwa ga Zuhura,

Na samu takardarki, na gode. Muna lafiya, Mansura na gaishe ki. Ki gaya wa Usman tumbina yana nan, kuma na fi shi ganin yatsuna tunda ni ina da takalmi mai tsabta. Labarin Kawu ya tayar mini da hankali ƙwarai. Mutumin nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni lakwal da hannunsa. Ki ce masa ɗansa bai yi barci a kan maganar ba.

Ran Lahadi na kira reniyo, taron ƙungiya na gaggawa. Zuhura, da kin ga yadda mutane suka tashi! Matan ƙungiya suka yi dambu da lemun zoɓo suka sayar a bakin filin ƙwallo, samarinmu suka buga wasa aka zaga da kwali. Misbahu mai gadin nan, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya ciro abin da ke aljihunsa duka ya ajiye. Abin da aka tara ya wuce na gero da sukari nesa.

Shi ya sa muka zauna muka yi tunani. Me ya sa za a tara mutane su yini cikin rana a sallame su da fura kawai, alhali yanzu ne rumbuna suka ƙare, kowa na neman na cefane? Mun yanke shawara duk wanda ya yi noma a gonar Kawu za a ba shi jika biyu a hannu. Kin ga an taimaki Kawu, an kuma taimaki masu noman. Gayya ce dai, amma ta zamani.

Mun buga riguna masu sunan ƙungiya, da bandarol, babban ƙyallen nan mai rubutu. Moctar, mai kula da labaranmu, zai taho da su, shi zai biya mutane, ya kuma ɗauki hotuna, don waɗanda suka ba da nasu suna son su ga inda ya shiga. In hotunan suka yi kyau, akwai wani furoje na tallafi da muke nema da zai sa mu yi wa dattawa da yawa irin wannan baɗi. Na riga na kira mai shela na ce ya sanar ran kasuwa, don kada aikin ya yi miki yawa.

Ni ba zan samu zuwa ba, patron, shugabana a wurin aiki, ba zai sake ni ba. Amma kin ga ɗan mace ya yi abin da 'ya'yan maza ba su yi ba. Ina jiran godiyata.

Naki,
Lamine

*

Urafan, 9 ga Yuli

Lamine,

Muna lafiya. Ƙugun Baba yana warkewa. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

Takardarka ta iso ni bayan mai shela ya gama aikinsa. Ina tsakiyar kasuwa ina tayin sukari na ji yana kwarara murya: ƙungiyar 'yan Yamai za ta taimaki wani gajiyayye, duk mai son jika biyu ya fito da hauya ran Talata gonar Mai Nasara. Gajiyayye, Lamine! A kasuwar Urafan, gaban mutanen Baudeta da na ko'ina! Wallahi ji na yi kamar an tuɓe mini zane. Wa ya aike ka? Gero na roƙa, da sukari, da goro. A wane layi na takardata ka ga na ce ka yi mini tunani?

Na ɓoye wa Baba, na ce ko Allah zai rufa asiri. Ranar Talata tun asuba muka dama fura, Bube ya aiko da nono ƙwarya ƙwarya, makaɗi ya zo. Baba ya ce sai an sa masa babbar rigarsa an ɗora shi a amalanke, don mai gona shi ke tarbar gayya. Yana ta lissafa wanda zai tsokana da wanda zai ce wa ya tsufa.

Muka isa. Babu Malam Ibrahim, babu maƙwabci ko ɗaya, babu ɗa ko jikan wanda Baba ya taɓa yi wa noma. Sai 'yan ƙodago na ƙauyukan da ban ma sani ba, sun fi rigunanku yawa, suna kokawa a kansu. Waɗanda suka samu sun riga sun afka gona, suna sauri don a sallame su, suna sare gero tare da ciyawa. Moctar kuwa ya taho da gudu da bandarol ɗinku, wai Baba ya riƙe gefe ɗaya, ya ɗan cire babbar rigar don hoton ya fi nuna hali.

Baba ya dube shi, ya dubi gonar, ya ce mini, "Zuhura, su wa waɗanga?" Wani yaro ya amsa masa, ya ce, "Baba, mu na ƙungiya ne, jika biyu-biyu." Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Ya dafa gefen amalanke zai miƙe, da ƙugun nan, sai da Usman ya riƙe shi. Ya ce, "Tun ina saurayi nike bisa gonakin mutane, ko dala ban taɓa amsa ba. Yau ni za a yi ma hayar mutane, ina raye? Ku hita mani gona. Ku hita!" Makaɗi ya rataya gangarsa ya wuce. Moctar ya biya su a bakin hanya don kada su dake shi, ba su yi noman da ya kai faɗin tsakar gida ba. Furar nan haka ta yi tsami, na rarraba wa yara abin da ya rabu.

Da yamma na je wajen Malam Ibrahim da faɗata. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ɗiyata, na amshi goronki, na wasa hauyata. Amma in na shiga gonar nan yau, gobe a ce Ibrahim ya yi ƙodago gonar Mai Nasara don jika biyu. In na ce ban amsa ba, wa ya gani?" Me zan ce masa? Gaskiyarsa ce. Kai a garin nan aka haife ka, ka sha furar gayya har cikinka ya yi ƙato. Ka san magidanci yana zuwa ne don a ga ya zo, don gobe in ya kwanta a zo masa. Ranar da aka sa kuɗi, ya zama lebura. Wannan sai an rubuta maka da Faransanci kafin ka gane?

Tun ranar Baba bai ce a kai shi gona ba, bai kuma tambayi kowa ba. Ciyawa kuwa ba ta san an yi faɗa ba, tana nan tana tashi.

Bandarol ɗinku yana wajen Harisu. Kada ka sake turo mana kowa.

Zuhura

*

Yamai, 14 ga Yuli

Zuhura,

Ina fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi. Mu ma lafiya, in ban da ɓacin rai.

Na karanta takardarki har sau nawa, kowane karatu raina ya ƙara ɓaci. Ko kalmar sannu guda babu a ciki. Kin san abin da na sha kafin a tara kuɗin nan? Na bi mutane gida da buro kamar mai bara. Mansura ta yini a tsaye gaban tukunyar dambu da goyo a bayanta. Misbahu ya yi sati yana zuwa aiki a ƙasa don ya ba da na motarsa. Waɗannan su ne kike magana a kansu kamar sun zo cin mutuncin Kawu?

Ban ce mai shela ya ce gajiyayye ba, wannan bakinsa ne. Moctar kuma yaro ne, ya yi wauta, na yi masa faɗa. Amma ki faɗa mini gaskiya, waɗanda kike kira 'yan ƙodago ba mutane ba ne? Ba yunwa ce ta fito da su ba? Su Malam Ibrahim da ke tsoron a ce sun karɓi jika biyu, me ya hana su shiga gonar su ce a ba wani nasu? Girman kai ne kawai, kuma ke ma kin sani. Gona tana mutuwa, manyan mutane suna zaune a inuwa suna gadin sunansu. In wannan ce al'adar, to ni ban ga abin yabo a cikinta ba.

Kawu ma, da girmansa, ya kori mutanen da suka zo yi masa aiki. Da ya yi shiru na yini ɗaya, da yanzu gonarsa tas take. Me zai ci in rumbu ya ƙare, babbar riga?

Ni nan kin san halin da kika sa ni? Ran Lahadi na tsaya gaban reniyo babu hoto ko ɗaya, babu gona, kuɗin mutane ya tafi. Wani ya tashi ya nuna ni ya ce dama don kawun sakatare ne aka yi gaggawa. Ni da ban taɓa cin ko sisin ƙungiya ba! Furojen da muke nema ma ya sha ruwa, kuma ba Kawu kaɗai zai amfana da shi ba.

Kin ce kada in sake turo kowa. Na ji. Na so in roƙi patron kwana biyu in zo in duba Kawu, amma tunda haka kika rufe ƙofa, ba zan turo ba, ba kuma zan zo in tsaya inda ba a so na ba. Sauran kuɗin yana nan. Ranar da kuka huce, ku faɗi yadda kuke so a yi da shi.

Lamine

*

Urafan, 26 ga Yuli

Lamine,

Lafiyarmu ƙalau, ina fatan kuna haka. Ka gaida Mansura, ka ce na gode da tsayuwar da ta yi gaban tukunya. Ka gaida Misbahu. Da su ba ni da faɗa, da kai nake.

Ruwa ya yanke hanyar Tasawa, takardarka ta kwana ta kwana a aljihun Harisu, jiya ta iso duk ta jiƙe. Na so a ce ta narke gaba ɗaya. Duk kwanakin nan ina cewa Lamine ya yi shiru ne don yana hanya. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Ashe kana can kana jinyar zuciyarka, don ba a ce maka sannu ba.

Cewa na yi kada ka turo kowa. Yaushe na ce kada ka zo? Ka turo mai shela, ka turo Moctar, ka turo riguna, ka turo kuɗi. Abu ɗaya ne ba ka turo ba, shi ne wanda Baba ya goya a wuya ya kai lakwal. Mai digiri kamarka, wannan ma sai na tauna maka?

Ka ce girman kai ne. To bari ka ji abin da tsarinka na zamani ya haifar. Balkisu, matar marigayi mai gyaran keke, ta kira gayya satin da ya wuce, kamar yadda ake yi mata kowace shekara tun da mijinta ya rasu. Ta ci bashin gero ta dama fura. Samarin da suka saba zuwa suka aiko a tambaye ta nawa ƙungiya ta ce. Ta ce wace ƙungiya? Suka ce to sai an ji daga Yamai. Mutum huɗu suka je mata, duk tsofaffi. Ta zo har gida ta same ni, ni wakiliyarku, tana kuka tana tambayata laifin me ta yi da ba a sa ta cikin masu jika biyu ba. Ka faɗa mini, kuɗin da ya rage a hannunka zai noma gonar kowace bazawara da kowane majinyaci daga nan har Mayahi, bana da baɗi da baɗin waccan? Abin da ke noma su kyauta kun zo kun sa masa farashi kun koma.

Ka tambayi abin da Baba zai ci. Ni ma shi nake tambaya, kuma ni ce nake kallon gonar. Ƙarangiya ta kai gwiwa. Geron tudu ya yi ja ya tsaya, wannan ya tafi. Na kwari ne ke da sauran rai, shi ma in aka ƙara sati ba a taɓa shi ba, sai dai a kira Bube ya sa shanu. Ni da Usman muna zuwa da yamma in mun taso daga tamu, abin da muke yi bai fi a share bakin ƙofa ba.

Baba kuma ya koma gona. Kullum da safe sai ya sa an ɗora shi a amalanke an sauke shi a gindin gawo. A zaune yake jan jiki, yana tuge ciyawa da hannu, ƙaya duk ta cinye masa yatsu. Na yi kuka, na yi faɗa, Inna ta yi, ya ce gonarsa ce. Mutane suna wucewa ta hanya suna sunkuyar da kai. Kunya ta hana su shiga, don har yau ba wanda ya san ko in ya shiga za a ce biyansa aka yi.

Ba na son sauran kuɗinku. Ba na son amsar wannan takarda ma. Na gaji da karatu.

Zuhura

*

Yamai, 4 ga Agusta

Zuwa ga Zuhura,

Na dawo Yamai lafiya daga wajenku, sai dai Mansura ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, don hannuna bai iya riƙe biro. Ta ce in gaya miki tafin hannuna ya zama kamar an gasa. Ki yi dariyarki, na ba ki.

Ban tsaya mun yi sallama sosai ba saboda motar Harisu. Akwai abin da nake so in faɗa. Ranar farko da na shiga gonar da hauyar Usman, na ga Kawu a gindin gawo yadda kika faɗa, na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya ci gaba da tuge ciyawarsa. Na yini ina abin da ban iya ba. Na san mutane suna tsayawa a hanya suna kallon ɗan boko yana faɗa da ƙarangiya, ina jin dariyar yara.

Washegari ina cikin yi na ji motsi a bayana, sai ga Bube da 'ya'yansa biyu, ko sallama ba su tsaya yi ba. Can Malam Ibrahim ya zo ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Kai, ba haka a ka riƙon ta ba, za ka kashe muna gero." Ya karɓi kuyyar da ke kusa da ni. Kafin azahar na daina ƙirga mutane. Ban san wa ya kira makaɗi ba. Da kika iso da fura na ga idonki, na san ke ma ba ki sani ba. Ban taɓa shan abin da ya kai furar nan daɗi ba.

Na san tudu ya tafi, kuma na san da na zo tun farko da bai tafi ba. Amma kwari ya tsira, ko ba haka ba? Na gaya wa ƙungiya sauran kuɗin gero za a saya a ajiye wajenki, duk mai kiran gayya a ba shi na fura, a fara da Balkisu. Babu shela, babu riga. An yi gardama, amma an yarda.

Abu ɗaya ke damuna. Da yamma Kawu ya kira kowa da sunansa ya sa masa albarka, har yaran Bube. Ni bai kira ni ba. Na ce ko don ni na gida ne. Bayan tafiyata ya ce wani abu a kaina? Ki faɗa mini ko mene ne.

Naki,
Lamine

*

Urafan, 11 ga Agusta

Zuwa ga taubashina Lamine,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan hannu ya yi sauƙi. Ka shafa man shanu, ka daina raki. Mu nan lafiya. An ƙara ruwa, geron kwari ya murmure ya yi baƙi, in Allah ya kai mu kaka za a samu abin da zai kai su Baba rabin shekara. Baba ya fara takawa da sanda. An koma wa Balkisu ran Asabar, ba a cika ba, amma an je. Har yanzu akwai samarin da ke tambayar nawa ne, wannan kuma ban san shekarun da za mu yi muna wanke shi ba. Maganar gero ta yi, ka gode mini wa mutanenka.

Na yi dariyar hannunka, amma kaɗan. Ka zo, na gani, kuma ni a wajena ya wuce.

Ka tambaye ni ko Baba ya ce wani abu. Na so in ce maka a'a. Na kwana biyu ina juya abin, Usman ya ce ba ni da ikon ɓoyewa tunda saƙo ne.

Ran kasuwa Baba ya sa aka kama zabinsa biyu, waɗanda Inna ke tara ƙwansu, aka kai aka sayar. Na ɗauka magani zai saya. Da yamma ya kira ni, ya ciro kuɗin daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in sa a takarda in aika Yamai. Na ce na mene ne, Baba? Ya ce, "Yaron nan ya yi mani yini biyu. Jika biyu-biyu ya ce, ko ba haka ba?"

Na ce Baba, Lamine ne fa, ɗanka. Na ce ya baro aikinsa, hannunsa duk ya fashe. Na faɗi duk abin da kai ma za ka faɗa, har da wanda ba za ka iya ba. Ya bar ni na gama. Sai na ce to su Bube da su Malam Ibrahim fa, su ma za a ba su? Ya dube ni kamar na zage su. Ya ce, "Su gayya suka zo."

Ga shi nan cikin takardar, jika huɗu. Kada ka maido ta hannun Harisu, kada ka turo ta waya, ya ce in ta dawo ba za ta kwana a gidansa ba. Ban san yadda ake ji in an buɗe irin wannan takarda ba, amma Malam Ibrahim ya sani, shi ya sa bai fito ba ran Talatar nan.

Maimai, noma na biyu, ya kusa. Zan bi gida gida da goro kamar yadda aka saba. Na tambayi Baba ko in ajiye maka naka, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tambaye ni ko hauyar Usman tana nan.

Taubashiyarka,
Zuhura